Malam Lawali, Wanda Ya Zana Mana Dalma Muka Gani

Ina tsaye a ƙofar ɗakin awo, riƙe da kwalbar jinin wani yaro da aka kawo daga Sunke, wayata ta yi ƙara. Hajiya Luba ce, matar Malam Lawali. Tun da aka wuce da shi asibiti a Sakkwato ni ke kiranta, ba ita ke kirana ba, don haka kafin in ɗauka jikina ya riga ya gaya mini. Ba ta ja magana ba. Ta ce, "Asma'u, Malaminku ya cika." Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma, na sake faɗa, na sake, har na ji muryata kamar ta wata. Uwar yaron tana zaune a benci tana kallona, ɗanta kwance a cinyarta. Ban sami damar faɗuwa ƙasa in yi kuka ba. Na shiga na ajiye kwalbar inda ya kamata, na rubuta sunan yaron a jikinta, sannan na zauna na yi kukan.

Ina rubuta wannan ne domin waɗanda suka cika ƙofar gidansu na gado a Gummi ranar jana'iza, da kuma waɗanda ba su taɓa jin sunansa ba. Da yawa sun san shi a matsayin malamin lissafi, wasu kuma mai gyara musu kwamfuta kyauta. Ni na san shi ta fuska biyu. Shi ya koya mini lissafi a sakandare a Anka, bayan shekaru kuma muka haɗu a ƙaramin asibitin garin da ke kula da yaran da gubar dalma ta taɓa, ni ina ɗibar jini, shi yana shigar da sakamakon a kwamfuta.

Mutum ne mai sanyin murya, ba ya gaggawa ko a tafiya. A asibiti kowane yaro yana da lamba, amma ban taɓa jin Malam ya kira yaro da lambarsa ba. Sai ya ce ɗan wance na Yargalma, ko 'yar nan mai tsoron allura. Idan uwa ta shigo ofishinsa da goyo, yakan tashi ya ba ta kujerarsa, shi ya ƙarasa aikin a tsaye yana sunkuye. Duk ranar da muka dawo daga ƙauye, ba ya shiga gidansa sai ya wanke takalmansa a waje, domin kada ya kai wa 'ya'yansa ƙurar da ya tako. Maƙwabta sun yi masa dariya a kan haka, bai daina ba.

Wanda ba ɗan yankinmu ba zai so in yi masa bayani. Duwatsun da ake haƙowa a nan don neman zinari suna ɗauke da dalma. Idan aka daka su ko aka niƙa a cikin gida, ƙurar tana sauka a tsakar gida, yara su yi rarrafe a kai, su sa hannu a baki. Gubar ta shiga jini. Wani yaron ya yi ta jijjiga har ya tafi, wani ya rayu amma ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Akwai maganin da ke fitar da ita daga jiki, sai dai idan yaro ya koma gidan da ake niƙa, aikin ya koma baya. Mun binne yara da yawa a shekarun farko, aka yi wayar da kai, aka kwashe ƙasar gidaje, aka fitar da niƙa bayan gari. Muka ɗauka an gama.

Ba a gama ba. Da 'yan bindiga suka hana mutane zuwa gonakinsu na nesa, dutse ya zama abinci. Wurin niƙa na bayan gari kuma ya zama abin tsoro, sai maza suka riƙa dawo da turmi da ƙaramin inji cikin gida a ɓoye. Cikinsu har da yayana, Mustafa. Ya riga ya rasa ɗansa na fari a wancan karon, ga shi kuma 'yarsa Hafsatu, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, an kwantar da ita an sallame ta, an sake kwantarwa an sake sallama. Na yi masa magana har na gaji. Na karanta masa sakamakon awonta, lamba bayan lamba. Ya ce yarinya ga ta tana wasa, kuma yunwa ita ma kisa take yi. Innarmu, wadda maganarta ce kaɗai yake ji, ta ce ita ba ta san lissafin boko ba, ciwo na Allah ne. Ni ce ma'aikaciyar lafiya a gidan, kuma ina kallon 'yar yayana tana zamewa daga hannuna.

Wata rana da hantsi na shiga ofishin Malam ina kuka, na gaya masa duka. Ya saurare ni har na gama, sannan ya juyo da fuskar kwamfutar wajena, layuka a jere cike da lambobi. Ya tambaye ni ko ni kaina, da ban yi karatun ba, zan ga mutuwa a cikin wannan. Na ce a'a. Ya ce, "Abin da uwa ba ta gane ba, ba mu faɗa ba. Mun dai yi surutu."

Daga ranar ya shiga neman hanyar da zai mayar da awon kowane yaro ya zama zane, layi guda da ke hawa da sauka, wanda ko wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba zai bi da yatsa. Manhajar ofis da muke da ita tana iya zana graf, amma ɗaya bayan ɗaya, da hannu, kuma kwamfutarmu tsohuwa ce, kafin a gama na yaro uku ta daskare. Yaran kuwa suna da yawa, kowane mako awonsu yana canjawa. Malam ya ɗan iya rubuta manhaja, shi ya koya wa kansa. Ya bayyana mini cewa a wannan harka akwai abin da ake kira laburare. Ba ɗakin littattafai ba ne, ƙunshin umarni ne da wani ya riga ya rubuta ya ajiye kyauta, kai kuma ka ɗauko ka ɗora aikinka a kai, kamar mai gini da ya samu bulo bugagge. Abin da yake nema shi ne laburaren zana graf mai sauƙi. Na ɗauka aikin yini guda ne.

Na farko da kowa ke yabo ya yi girma. Ba ya zuwa shi kaɗai, sai ya jawo wasu laburarorin a bayansa, kowanne da nauyinsa. Sabis ɗinmu kuwa rarrauna ne. Malam yakan ɗora wayarsa a kan taga don kwamfutar ta samu intanet ta hanyarta, a fara saukewa, a kai rabi, a yanke, a koma farko. Na biyu ya sauka lafiya, zanensa kuma gwanin kyau, launi-launi, amma ba ya buɗewa sai da intanet, mu kuwa takarda za mu ɗauka mu kai ƙauye. Na uku ya ce tsarin kwamfutarmu ya tsufa, sai an sabunta, sabuntawar kuma ta fi ƙarfinta. Wani ya yi aiki, amma duk sunan da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya fito da ɗan akwati a gurbin harafin. Na ce masa a bar shi haka, ai iyayen ba karantawa za su yi ba. Ya ce ba zai miƙa wa uwa takardar da aka lalata sunan ɗanta a kai ba.

A cikin waɗannan makonni aka sake kawo Hafsatu. Wannan karon da jijjiga. Na riƙe ta idanunta sun juye, uwarta tana birgima a ƙasa. Allah Ya sa aka shawo kanta. Da na fito na wuce ta ofishin Malam, na same shi ya haɗa kai da gwiwa a gaban kwamfutar, jan rubutun kuskure ya cika fuskarta. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ya ce ya ji kukan, kuma ya san idan aka sallame ta gidan nan za ta koma. Na ce ko mu haƙura mu zana da hannu. Ya ce zai zana na Hafsatu da hannu idan ta kama, amma sauran fa? Wa zai zauna ya zana wa kowace uwa, kowane mako, ba tare da kuskure ba?

Ya rubuta tambaya a wani dandali na masu rubuta manhaja, da Turancinsa na malamin makaranta. Ya faɗi irin kwamfutarmu, ya faɗi halin sabis, ya ce layi kawai yake so a kan farar takarda. Wasu suka ce ya sayi sabuwar na'ura. Wasu suka mayar da shi ga na farkon da ya gagara. Sai wani mutum, wanda har Malam ya koma ga Allah bai san sunansa na gaskiya ko ƙasarsa ba, ya ambaci wani ɗan ƙaramin laburare mara suna a duniya, wanda ba ya jan kowa a bayansa, kuma yana karɓar irin harafin da ka ba shi. Na tuna yadda Malam ya karanta mini amsar yana murmushi. Ya ce, "Ba doki muke nema ba, Asma'u. Jakin da zai kai kaya ƙauye muke nema." Bai kai ga saukewa ba aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro.

Waɗanda suka zauna a Zamfara a lokacin sun san yadda abin yake. Ba kira, ba saƙo, ba ka san halin ɗan'uwanka ba sai ka taka ka je. Abin da muke nema yana can, ƙarami ne, ba zai kai nauyin hoto biyu ba, amma tsakaninmu da shi kamar sama da ƙasa. Malam ya ce zai je inda sabis ɗin maƙwabciyar jiha ke tsallakowa. Hakan na nufin ya ratsa ƙasar Bukkuyum, ya wuce Gummi, a hanyar da ake tare motoci da rana tsaka. A lokacin ƙafafunsa sun riga sun fara kumbura, ciwon ƙodar da ya zama ajalinsa ya fara nuna kansa, shi kuwa yana cewa zama ne ya yi yawa. Likitanmu ya hana shi. Ni ma na roƙe shi, na ce idan wani abu ya same shi saboda 'yar gidanmu, da wane ido zan kalli Hajiya Luba? Ya ce ba saboda 'yar gidanmu kaɗai ba ne, kuma hanyar da iyaye mata ke bi da yara a baya su zo wurinmu, ba ta fi ƙarfinsa ba.

Ya tafi da kwamfutar a cikin buhun hatsi don kada ta ja ido. Kwanakin da ya yi ban san barci mai daɗi ba, kuma babu wanda zan tambaya. Duk motar da ta tsaya a tasha sai in aika a dubo. Da ya dawo, ya rame, leɓɓansa sun bushe. Daga baya ya ba ni labari. Wani tudu ne a bayan wani ƙauye, mutane cike, kowa ya ɗaga waya sama yana neman ɗan'uwansa. Ya zauna a kan dutse cikin rana, kwamfutar a cinya, batirinta yana ƙarewa, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Ya ce bai taɓa yin addu'a a kan abin duniya kamar yadda ya yi a kan wannan ɗan layin da ke nuna saukewa ba. Ya samu laburaren, ya samu harafin da ke da ƙugiyoyinmu, kwamfutar ta mutu a hannunsa bayan 'yan mintoci.

Zanen farko da ya fito ya kusa karya mana zuciya. Layin ya cukurkuɗe kamar zaren da kaji suka shiga, yana gaba yana baya. Malam ya zuba masa ido, ni kuma na juya baya don kada ya ga fuskata. Can ya gano cewa na'urar tana karanta rana a matsayin wata, wata a matsayin rana. Ya gyara. Ya ƙara kaurin layin saboda injin buga takardarmu baƙi kawai yake fitarwa. Sannan ya yi abin da ni ban yi tunaninsa ba: ya sa duk kwanakin da yaro ya yi a gida su fito da duhu a bayan layin, kwanakin asibiti kuma su zauna fari. Ya buga sunan Hafsatu. Takardar ta fito. Ni da na ɗebi jinin nan da hannuna, na san kowace lamba a ciki, amma ban taɓa ganin abin a fili haka ba. A fari layin yana gangarowa, a duhu yana hawa, kuma kowane hawa ya fi wanda ya gabace shi tsawo.

Bayan la'asar muka isa gidanmu. Malam ya tsaya a zaure, aka shimfiɗa masa tabarma, Inna ta fito ta zauna daga gefe, Yaya Mustafa yana tsaye jikin bango, farar ƙura a gashin hannunsa. Bayan gaisuwa Malam ya miƙa wa Inna takardar da hannu biyu. Ya ce, "Inna, layin nan shi ne gubar da ke jikin jikarki. Inda fari tana wurinmu. Inda duhu tana gida."

Inna ta ɗora yatsa a farkon layin ta bi shi. Ta gangara, ta hau, ta gangara, ta hau. Da ta kai hawan ƙarshe ta tsaya, ta tambaya ko nan ne ranar jijjigar. Na ce nan ne. Ta koma farko ta sake bi. Sannan ta ɗago ta dubi ɗanta, ta ce, "Ashe mu ka ba ta, Mustafa. Da hannunmu."

Yayana ya sulale ya zauna a ƙasa. Bai yi musu ba. Abin da ya ce kawai shi ne, to ina zai kai aikin, kuma me za su ci? Malam bai yi masa wa'azi ba. Ya ce tambayar gaskiya ce, kuma shi ba shi da amsarta shi kaɗai. Washegari ya raka shi wurin mai gari da takardun wasu yaran ƙauyen, aka tara maza, aka yi ta ja-in-ja har rana ta karkata. A ƙarshe aka amince a mayar da niƙa bayan gari, a riƙa fita a ƙungiya a dawo a ƙungiya, kowa ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya shiga gida. Ba kowa ne ya cika alkawarin ba, ba zan yi ƙarya a kan mamaci ko a kan masu rai ba. Amma a gidanmu Inna da kanta ta tsaya aka fitar da turmin, aka kankare ƙasar tsakar gida.

Hafsatu tana raye. Maganarta tana da nauyi, kuma abin da sa'o'inta ke ɗauka a rana ita sai ta yi mako. Amma tana raye, tana zuwa Islamiyya, tana kiran sunana.

Daga nan kowace uwa da za a sallama tana tafiya da takardar ɗanta. Wasu sun liƙa a bangon ɗaki. Akwai kuma zanen da Malam ba ya bugawa, na yaran da layinsu ya tsaya a tsakiyar takarda, sauran filin fari fat. Na taɓa shiga na same shi yana kallon irin wannan. Ya ce na'ura ba ta san mutuwa ba, ita dai ta ga lamba ta ƙare. Ya rufe, ya karanta wa yaron addu'a da sunansa, ya ci gaba da aiki.

Da ciwon ya ci ƙarfinsa, ya fara zaunar da ni kusa da shi. Na ce ni mai ɗibar jini ce, ban san wannan harka ba. Ya ce shi ma malamin lissafi ne, larura ce ta koya masa. Ya bi da ni umarnin ɗaya bayan ɗaya, ya sa ni in ɓata da gangan in gyara. Idan na yi kuskure ba ya karɓar na'urar daga hannuna, sai ya ce in karanta abin da ta ce, domin ita ba ta zagi, bayani take yi. Zuwana na ƙarshe wurinsa a Gummi, kafin a wuce da shi, yana kwance numfashi yana yi masa wuya. Bai tambaye ni komai game da kansa ba. Ya tambayi ko na kwafi laburaren a wuri na biyu, domin kwamfutar ba za ta daɗe ba. Na ce na kwafa. Ya lumshe ido ya ce to madalla.

Ga halin da ya bar mu a ciki, kuma ba zan ɓoye ba. An buɗe sababbin ramuka, ana kawo yara daga ƙauyukan da da ba ma jin sunansu. Kwamfutar tana ɗaukewa ba gaira ba dalili. Ranar da na koma aiki bayan addu'ar uku, na zauna a kujerarsa don in fitar wa uwar yaron nan na Sunke takardarta, sai jan rubutu ya fito. Na juya in kira Malam. Matar tana jira a ƙofa, ba wanda zan tambaya a duk faɗin ginin. Na share ido na karanta abin da na'urar ta ce. Wani gurbi ne na bari babu lamba. Na cike, takardar ta fito, na kai wa matar, na nuna mata fari da duhu. Wannan na iya. Amma ranar da abin zai lalace ta inda bai koya mini ba, ban san yadda zan yi ba. Idan a cikin masu karanta wannan akwai ɗan Anka ko Gummi ko Bukkuyum da Allah Ya ba shi ilimin rubuta manhaja, don Allah ya zo ya zauna da mu ko na yini guda ne. Yaran ba su daina zuwa ba.

Ya Allah, ga bawanKa Lawali ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshensa wurin tambaya. Ka saka wa baƙon nan da ya amsa masa tambaya daga nesa da alheri, shi da wanda ya rubuta laburaren ya bar shi kyauta, alhali ba su san rayukan da ke rataye da shi ba. Ka ba Hajiya Luba haƙuri da juriya, Ka raya 'ya'yansa bisa tarbiyyar da ya fara, Ka zama gatansu a inda ba su da uba. Ka kawo mana zaman lafiya mu koma gonakinmu, a bar dutse a inda Ka ajiye shi. Yaran da muka binne kuma, waɗanda ya riƙe sunayensu ɗaya bayan ɗaya, Ka sa su tarbe shi a ƙofar Aljanna su riƙe hannunsa. Amin.